Ruwan Kawu na Watan Sha Biyu

A shekarun da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har tana rasa inda za ta zuba shi, ofishinmu na aikin gona da ke Ƙanƙara ya samu rabonsa. An kawo mana babura sababbi, an kawo injin wuta mai ƙarar da take hana kajin maƙwabta sakat, daga baya kuma aka sauke wasu kwalaye uku aka ce kwamfuta ce. Ɗaki guda aka ware mata, aka sa labule, aka hana shiga da takalmi. Ni aka damƙa wa ita, ba don na fi kowa ilimi ba, sai don na iya buga tafireta da yatsu goma, kuma an tura ni kwas na 'yan makonni inda aka koya mana rubuta mata umarni layi-layi. Daga nan kaina ya kumbura. Har tafiyata ta canza. Abokan aiki suka laƙaba mini mijin na'ura, ina nuna kamar ba na so, alhali a ciki daɗi nake ji.

Aikin farko da aka ba ni shi ne littattafan ruwan sama. Shekara shida kafin nan an bi ƙauyuka an kafa ma'aunin ruwa, wani gwangwani ne mai mazurari a kan turke, aka ba mutum ɗaya a kowane gari kwalbar awo da littafi. Kullum da safe zai juye abin da ya taru, ya duba, ya rubuta rana da wata da adadi. Akwai ɗaya a Ƙetare, garinmu, akwai na Ruwan Godiya, akwai wasu a yankin Faskari, na can ƙarshe kuma yana wani ƙauye bayan Sabuwa, inda mota ba ta zuwa sai ruwa ya ɗauke. Bayan kaka direba zai bi ya tattaro littattafan, ya rubuta shekara a bangon kowanne, a jibge su a kabad. In ka cire gara, ba wanda ya taɓa buɗe su.

Mai riƙe da ma'aunin bayan Sabuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata, limamin unguwarsu. Bai yi boko ba, amma ya koyi lambobi a ajin yaƙi da jahilci, yana kuma rubuta su tsaf-tsaf, kowace a gidanta. Mutum ne mai tsantseni har ya riƙa ba mutane haushi. In ka tambaye shi ko ya ga wane a kasuwa, sai ya ce maka ya dai hango mai riga irin tasa ta baya.

Na shafe wata guda ina cusa wa na'ura lambobi. Yatsuna ne suke aiki, hankalina yana can wani wuri, don haka ban lura da komai ba. Da na gama na buga jerin a firinta na kai wa shugaban ofis. Shi mutumin birni ne da ya yi karatu a ƙasar waje, ba mugu ba ne, sai dai ya tsani a raina masa wayo. Washegari ya sa aka kira ni. Ya ɗora yatsa a kan wani shafi.

"Wane ne wannan na bayan Sabuwa?"

"Kawuna ne, yallaɓai."

"To, kawunka yana da girgijensa na kansa. Duba nan. Ruwa a watan sha ɗaya. Ruwa a watan sha biyu, lokacin da jama'a suke sussukar dawa. Watan biyar da na shida kuwa, da kowa ya yi shuka, shi ko ɗigo bai gani ba. Wannan mutumin a zaune yake a zaure yana ƙirƙiro lambobi."

Ya ce zai rubuta wa dagacin garin takarda, a karɓe ma'aunin a ba wani, a kuma faɗi dalili a gaban jama'a don ya zama ishara ga saura. Direba zai tafi da ita nan da kwana goma. Ni na san yadda ake karanta irin wannan takarda a ƙofar fada, bayan la'asar, kowa na nan. Limamin da aka karanta wa kalmar ƙarya a gaban masu bin sa salla, ban ga ta inda zai sake tsayawa a gabansu ba.

Abin da ya fi damuna, kuma har yau yake damuna, shi ne na yarda. Na dubi shafin, na ga ruwa a watan sha biyu baƙi a kan fari, na ce a raina tsufa ya zo wa Kawu, ko kuwa ya gaji da fita da safe. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, don na ga ya zubar mini da mutunci a ofis. Ban kare shi da ko kalma ɗaya ba. Da zan fita shugaba ya ƙara da cewa manyan baƙi na zuwa, kuma ba za su zauna karatun lambobi ba, zane suke so, wanda za a ga hawa da saukar ruwan kowane gari a kallo ɗaya. Garaf ake ce masa a ofis. Ya ce tunda ni ne mijin na'ura, in sa matata ta zana.

Nan na gane auren namu bai yi nisa ba. Na'urar ta zo da wani babban shiri na zane, faifai da yawa da littattafan bayani uku cikin Turanci, kowanne kaurinsa ya kai tubali. Na yi kwana biyu a kansu kafin in fahimci cewa ba zai yi aiki ba sai da wata na'urar dabam mai riƙe alƙalami, wadda aka ce tana cikin jirgi a bakin teku tana jiran layi. Na sayo takardar garaf da fensir na ce zan yi da hannu. Yini guda na yi a kan shekara ɗaya ta gari ɗaya, kuma da na ɗaga ta, ta fi kama da sawun kaza a cikin taɓo. Na gwada rubuta nawa umarnin, firinta ta yi ta aman takarda babu komai a kai sai da na kashe ta daga bango.

Rana ta biyar na roƙi izini na hau motar haya zuwa Zariya, inda na ji akwai ɗakin na'ura babba da masana a ciki. Sun karɓe ni da mutunci, Allah ya saka musu. Amma duk wanda na faɗa wa buƙatata sai ya nuna mini abin da ya fi ƙarfina. Wani ya fito da zane mai launi uku kamar atamfa, ya ce sai dai na'urarmu ta yi ƙanƙanta. Wani ya ce in zauna wata biyu in koyi wani yaren na'ura tukuna. Na ce musu kwana biyar gare ni, suka yi dariya. Har na ɗauki jakata, sai wata mata da take zaune a lungu tana jera takardu ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, firintarku tana buga tauraro?"

Na ce wane irin tauraro. Ta nuna mini ɗan alamar nan mai tsinke-tsinke da ke saman lamba takwas. Na ce tana bugawa.

"To, kana da duk abin da kake buƙata. Daga ina kake?"

Da na ce Ƙanƙara, sai ta ajiye takardun ta dube ni sama da ƙasa. Ashe Banufiya ce, abokiyar wasanmu Katsinawa.

"Haba, shi ya sa. Bawana ne ashe. Bakatsine ya baro gida da garma a kafaɗa yana neman wanda zai ara masa tarakta. Zauna, in taimake ka saboda Allah."

Dattijuwa ce, ba ta da ofis, ba ta da muƙamin da ake rubutawa a ƙofa. Ta jawo aljihun tebur ta ciro takarda biyu da aka buga, gefensu ya yi laushi saboda yawan hannu. Ta ce ita ta rubuta shi, don ta gaji da ganin ɗalibai suna kuka a ƙarshen shekara. Ba shiri ne mai zaman kansa ba, ɗan ƙunshin umarni ne da za ka liƙa a ƙarshen naka, ka kira shi duk lokacin da kake so. Abu uku kawai yake nema a wurinka: jerin lambobinka, sunan da za a sa a sama, da lambar da ta fi kowace girma don ya san iyakar faɗin takarda. Daga nan kowace rana layi ɗaya ce. In an yi ruwa da yawa taurari su yi tsawo, in kaɗan ne su gajarta.

Na ce, "Hajiya, shi ke nan?"

"Me kake so, ya dafa maka tuwo?"

Na kwafe shi da hannu a gabanta, tana duba mini. Da na zo wani wuri na tsallake layi uku don na ga kamar ba su da amfani, sai ta buge mini hannu da biro. Ta ce waɗannan su ne suka fi ba ta wahala. In an auna ba a samu ruwa ba, zai buga ɗigo ɗaya a farkon layi. In kuwa ba a auna ba sam, zai bar layin fari fat. Ta ce wanda ya duba ya ga babu, da wanda bai duba ba, ba ɗaya suke ba, kuma duk zanen da ya haɗa su ya yi ƙarya. Na gyaɗa kai don in rabu da ita, na kwafe. Na nemi in ba ta wani abu ta ƙi, ta ce ba a karɓar kuɗin bawa.

Na ga na'urori masu yawa bayan nan, na ga shirye-shiryen da ake saye da tsada, masu zana abin da ido ke sha'awa. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar waɗannan takardu biyu ba. Ba layin da yake nan don ado. Matar ta san ainihin abin da mai gaggawa yake nema, ta ba shi, ta tsaya a nan. Kuma ba ta sa sunanta a ko'ina a jikinsa ba.

Da na dawo na buga shi cikin na'ura da safe, na yi kuskure biyu na gyara, kafin azahar firinta ta fara kuka. Da na Ruwan Godiya na fara. Takarda ta riƙa fitowa doguwa kamar rawani, ɗigo-ɗigo a jere duk tsawon rani, sai ga taurari sun fara leƙowa, biyu, biyar, sannan suka yi tudu, suka lafa, suka sake tashi. Na tsaya baki buɗe. Wata guda ina buga waɗannan lambobin ban ga damina a cikinsu ba sai ranar.

Na Kawu na bar shi a ƙarshe, don ba na son gani. Da takardunsa suka fito na kwashe su zuwa baranda, inda akwai fili, na shimfiɗa shekarunsa shida a ƙasa, na danne da duwatsu, na sa na Ruwan Godiya kusa da kowace, tunda su ne mafi kusa da shi. Niyyata in ga girman ƙaryar, in san abin da zan faɗa wa 'yan'uwa.

A shekarar farko takardun biyu kamar tagwaye suke. Inda ɗaya ya yi tudu ɗaya ma ya yi, inda aka yi fari na 'yan kwanaki duka biyun sun nuna. A ta biyu ma siffar ɗaya ce, sai dai na Kawu ya ɗan zame ƙasa. A ta uku ya ƙara zamewa. Na ja da baya har bakin baranda na duba, sai na ga daminar Kawu tana gangarowa shekara bayan shekara a karkace, kamar kunyar da ɗan koyo ya ja. Mai ƙirƙiro lambobi a zaure ba zai iya dacewa da ruwan garin da bai taɓa gani littafinsa ba. Na durƙusa na nemo wani babban ruwa da ya zo bayan dogon fari, na ƙirga layukan da ke tsakanin nasa da nasu. Goma sha ɗaya. A shekara ta gaba, ashirin da biyu ko kusa da haka. A ta gaba, talatin da 'yan kai.

Kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Duk ɗan Musulmin da ya taɓa jiran azumi ya san wannan lissafin. Na ruga kabad na ciro littattafansa na asali na bi su shafi-shafi. A shekara shida babu ranar talatin da ɗaya ko sau ɗaya, wata ashirin da tara, wata talatin. Kawu da watan sama yake ƙirga. An ce masa ya rubuta rana da wata, ya rubuta rana da watan da ya sani, wanda yake fita ya duba da idonsa bayan magariba. Watansa na sha biyu watan Babbar Salla ne. Da na binciki tsofaffin kalandun ofis sai na tarar a shekarar da aka kafa masa ma'aunin, watan Musulunci da na Bature sun tashi kusan tare, shi ya sa wanda ya koya masa aikin ya duba ya ga daidai ya tafi abinsa. Ni da aka haifa a gidan da ba a san wata kalanda ba sai ta sama, ni ne na zauna wata guda ina mayar da Rajab ɗin Kawu Yuli.

Na ƙara 'yan layuka a shirina don su mayar da kwanakinsa na Bature, na sake bugawa, na kira shugaba baranda. Ya zo yana tsaki, ya tsaya yana duba takardun. Sai ya tattare wandonsa ya durƙusa a kan siminti, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, yana bin taurarin da yatsa. Da ya miƙe ya ce in ɗauko takardar dagaci a kan teburinsa. Ya yaga ta a gabana. Ya ce a cikin duk littattafan nan babu mai tsabtar wannan, kuma shi ya yi gaggawa. Na girmama shi a kan wannan, ba kowane babba ne yake iya faɗin haka a gaban ƙaramin ma'aikaci ba.

Amma idonsa ya kama wani abu. A shekara ta uku, a tsakiyar damina, akwai layi biyar farare fat, babu tauraro babu ɗigo.

"Nan fa ya yi sakaci," in ji shi. "Ka kai masa kalanda, ka nuna masa yadda ake bi. Ka kuma ce masa kada ya ƙara tsallake kwanaki."

Na tafi a kan babur ranar Asabar, na tura shi a rafi biyu, na isa da hantsi ya yi sama. Na sami Kawu a inuwar rumbu yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa da fura na shimfiɗa masa takardun a kan tabarma, na yi masa bayanin watanni. Ban ambaci takardar dagaci ba. Ya saurara har na gama, ya juya kalandar gaba da baya.

"To, shi wannan watan nasu, wa ka ganin shi in ya tsaya?"

"Ba a ganinsa, Kawu. A rubuce yake tun farkon shekara."

"Ikon Allah. Watan da ba a gani." Ya yi murmushi. "Ba laihi. Sai in riƙa rubuta duka biyun, nasu da na gaskiya."

Taurarin sun ba shi sha'awa ƙwarai. Ya bi su da ɗan yatsa yana gane ruwa ɗaya-ɗaya kamar mutanen da ya sani. Wannan shi ne wanda ya rushe katangar masallaci. Wannan shi ne wanda ya zo bayan an fita roƙon ruwa. Ya tambayi wanda ya yi wannan dabara, na ce wata Banufiya ce a Zariya. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ko da yake bai zaci za a samu mai hankali haka a cikinsu ba.

Sai na gyara murya irin ta ofis, na nuna masa farin wurin, na isar da saƙon shugaba. Har na ƙara da nawa, na ce aikin gwamnati ba a yi masa haka.

Kawu ya dubi wurin. Ya ɗauki littafin shekarar, wanda na zo da shi, ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, ba ka gane kwanakin nan ba?"

Na ce a'a.

"Cikin Sha'aban ne. Ranar da aka aiko mani ƙanwata ta cika. Kwana ɗaya na yi a hanya bisa keke zuwa Ƙetare, na zauna har aka yi sadakar uku, kwana ɗaya na komo. Kai ne ma ka riƙe mani keken a ƙofar gida."

Mahaifiyata yake nufi. Ni da watan Bature na riƙe ranar rasuwarta, don da shi aka rubuta mini takardar hutu.

"Da na dawo na iske gwangwanin ya cika har ya zuba," in ji shi. "Mutane sun ce an yi ruwa ranar kaza da ranar kaza, wani ma ya ce in raba shi biyar in rubuta, wa zai sani. Amma ni ban gani ba. Mi zan rubuta?"

Na zauna ina kallon layukan nan biyar, waɗanda da Hajiya ba ta buge mini hannu ba da sun cika da ɗigo sun ɓace a cikin sauran. Daga ƙarshe na faɗa masa komai, har takardar dagaci, har abin da ban yi niyyar faɗa ba, cewa da aka ce ƙarya yake yi ni ma na yarda, kuma ban buɗe baki na kare shi ba.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya naɗe takardar taurarin shekarar nan ta uku a hankali daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya daidai farin wurin, ya shafa shi da tafin hannu.

"Wannan ka bar mani ita," ya ce. "Sauran ka mayar musu."